“Ban Yi da Gangan Ba”: Tambaya Daga Teburin Mai Gyara a Sa'alaba



Akwai maganar da kusan kowane mai sana'ar hannu ya taɓa fakewa a bayanta: “Wallahi ban yi da gangan ba.” Tela ya faɗe ta ranar da almakashi ya zarce a shaddar mutane, makaniki ya faɗe ta ranar da ƙusa ta karye a cikin inji. Galibi kuma gaskiya suke faɗa, domin da wuya ka sami mai sana'ar da zai tashi da safe da ƙudurin ɓata kayan wanda zai biya shi. Abin da nake so mu duba tare shi ne: idan maganar gaskiya ce, shin gaskiyarta ta isa ta sauke wa mutum nauyi? Ni ba malami ba ne, mai gyaran kayan lantarki ne. Tambayar kuma a kan teburin aikina ta same ni, a ɗakina na unguwar Sa'alaba da ke kudancin Jidda, cikin shekarar 2019. Sai na fara bayyana kayan aikin kafin labarin ya fito fili.

Rabin aikinmu liƙi ne. Rediyo ko talabijin ko waya ko na'urar sanyaya ɗaki, duk wadda ka buɗe za ka tarar da fanel a ciki, an shimfiɗa masa siraran hanyoyi na jan ƙarfe, an dasa ƙananan kayayyaki a kai, kowanne an riƙe ƙafarsa da ɗigon dalma. Abin da muke kira dalma a bakin aiki gauraye ne. Tsohon haɗin da muka tashi da shi kuza ce kashi 63 da dalma kashi 37, yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salsiyus. Tun daga 1 ga Yulin 2006, da dokar Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki, yawancin sababbin na'urori suka koma wani haɗi na kuza da ɗan azurfa da ɗan jan ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 217. Ƙarfen da ake narkar da ita da shi kuwa, a nan mun ari sunan da Larabawa ke kiransa, kawiya.

Kawiya iri biyu ce. Akwai mai sauƙi, wadda za ka jona a bango ta yi ta zafi har inda ƙarfinta ya tsaya. Akwai kuma mai akwati, wadda kake zaɓa wa zafin da kake so ta riƙe maka shi. A cikin mariƙinta akwai abin da ke dumama bakin, tare da wani ɗan ma'auni da ke kai wa akwatin rahoto. Idan zafi ya kai inda ka ce, akwatin ya yanke wuta. Idan ya sauka, ya mayar. Haka yake yi ba hutawa muddin tana kunne. Ga tsohuwar dalma mukan saita tsakanin digiri 320 da 350, ga sabuwa mu ɗan ƙara zuwa wajen 370. Dalilin da ya sa ake wuce ma'aunin narkewa da nisa haka shi ne jan ƙarfen fanel yana shanye zafi, kuma ana so a gama kowane ɗigo cikin daƙiƙa biyu ko uku. Amma idan aka haura 400 a kan ƙaramin aiki, ƙaron da ke cikin zaren dalma, wanda aikinsa wanke tsatsa daga wurin liƙi, yakan ƙone kafin ya yi aikinsa, abin da ya manne jan ƙarfe da fanel ya saki, hanya ta ɓamɓaro kamar ɓawon ƙurji.

Ga abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Lambar da ke haskawa a fuskar akwati ba daga tsinin baki take zuwa ba. Ɗan ma'aunin yana can ciki kusa da abin dumamawa, akwatin kuma lissafi yake yi ya fassara rahotonsa zuwa lamba. Idan fassarar ta karkace, akwatin zai ci gaba da nuna maka lambar da ka saba gani cikin natsuwa, alhali bakin ƙarfen yana wani hali daban.

Ban fara aiki da irin wannan ba. A Fagge na koyi gyaran rediyo, wajen ƙanin mahaifina, Allah Ya gafarta masa. Idan aka ɗauke wuta, wani ƙarfe mai kan jan ƙarfe yake turawa cikin garwashi. Ba shi da lamba, ba shi da allo. Sai ya ciro shi ya taɓa ƙaro ya kalli hayaƙin, ya taɓa dalma ya kalli yadda take gudu. Idan ta kwanta tana sheƙi, ya yi aiki. Idan ta dunƙule ta dusashe, ya jira. Yakan ce da ni, “Kalli dalmar, ita ce ba ta ƙarya.” Wannan ilimi ya girmi lantarki a ƙasarmu. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Riruwai, maƙeran fari kuma suna liƙa azurfa da tagulla, ma'auninsu ido da hanci. Da na zo Jidda na shiga gyaran waya, na sami kawiya mai akwati, sai na ji kamar an ɗauke mini kaya daga ka. Ban lura ba cewa a hankali idona ya tashi daga kan dalma ya koma kan lamba.

A 2016 hukuma ta keɓe sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa, shagunan titin Falasɗinu suka sauya hannu, ni kuma na koma wani wurin gyaran talabijin da fanel ɗin na'urorin sanyi. Tsohuwar kawiyata na ajiye ta a gida, ina taimaka wa maƙwabta da ita idan fitila ko rediyon wani ya lalace.

Wata rana bayan la'asar wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata tsohuwar waya mai madannai, ta ce, “Ɗan nan, wayar Malam ce. Ta daina shan caji. Akwai muryarsa a ciki, karatunsa na asuba da hirarsa da jikoki. Ita nake kunnawa idan dare ya yi mini tsawo.” Na duba, na ga ramin caji ne ya sukurkuce. Na ce, “Hajiya, ƙaramin aiki ne, gobe war haka ki aiko a karɓa.” Ta tambayi kuɗi, na ce haram in karɓi ko riyal ɗaya a kan wayar Malam.

Da dare na kunna kawiya, na saita 340 kamar kullum, na jira lambar ta tsaya. Ina ɗora baki a kan ƙafafun ramin cajin, ƙaro ya tashi da hayaƙi lokaci guda. Dalmar ba ta kama yadda nake so ba, sai na ƙara jinkiri kaɗan, na ɗan danna. Da na ɗaga, uku daga cikin ƙananan wuraren liƙi biyar suka biyo ƙarfen, gefen fanel kuma ya kumbura kamar bororon ƙuna. Fanel ɗin waya hawa-hawa ne, akwai hanyoyi a cikin cikinsa da ido ba ya gani, hannu kuma ba ya kaiwa. Na ba ta wuta ta wajen batir, fuskarta ta yi fari fat. Sai da na danne kumburin da babban yatsa sannan ta farfaɗo. A haka, yatsa a danne, zufa na zuba, na kwashe muryoyin guda tara zuwa katin ajiya. Bayan wannan ba ta sake tashi ba.

Washegari na ɗauki kawiyar zuwa wurin aiki, na ari ma'aunin zafin baki na wani abokin aikina. Akwati yana cewa 340. Ma'auni ya ce 415. Nan take na tuna abin da ya faru. Wata biyar kafin nan abin dumamawar ya mutu, na sayi wani mai araha na saka, na kunna, na ga lamba ta hau ta tsaya, na ce alhamdulillahi. Kowane mai wannan sana'a ya san cewa idan aka sauya wannan ɓangare sai an sake daidaita akwatin da ma'auni, domin sabon ba lalle ya yi magana da harshen tsohon ba. Ni ma na sani. Aikin minti goma ne.

Zan faɗi abin da ya ratsa zuciyata a kan hanyar komawa gida, domin ɓoye shi zai rage wa rubutun nan amfani. Iskar Jidda mai gumi ce da gishiri, tana cin fanel. Da na ce wa Hajiya, “Dama cikin wayar ya ruɓe,” da ta yarda, ta kuma sa mini albarka a kan muryoyin da na ceto. Babu mahaluƙin da zai iya ƙaryata ni. Wannan shi ne halin sana'armu: mai kaya ba ya ganin abin da muka yi, ko an buɗe masa ba zai gane ba. Na tsaya a ƙofar gidanta na ɗan lokaci da wannan magana a bakina. Daga ƙarshe na ce, “Hajiya, muryoyin Malam suna nan, na sa miki su a wata wayar. Amma wayarsa ta mutu, kuma a hannuna ta mutu. Ƙarfena ya yi zafi fiye da kima, ban duba shi ba.” Ta yi shiru. Sannan ta ce, “Ai ba da gangan ka yi ba, ɗan nan. Na yafe.” Ta karɓi matacciyar wayar ta mayar bakin mayafi ta ƙulle.

Ita ce ta faɗi maganar, ba ni ba. Kuma gaskiya ta faɗa. To me ya sa na kasa barci?

Da farko na lallashi kaina da niyya. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin niyya, wanda Imamu Nawawi ya buɗe Arba'una da shi, kuma niyyata a wannan dare babu gauraye a cikinta: taimakon gwauruwa, ba ko kwabo. Na kai maganar gaban wani malami da muke zama wurinsa bayan magariba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya raba mini abu biyu da na cakuɗa. Ya ce zunubi daban, ranko daban. Wanda ya yi kisan kuskure ba a kiransa mai kisan kai da gangan, amma diyya tana nan. Niyya tana gyara tsakaninka da Ubangijinka, ba ta mayar wa mutum da abinsa. Ya tuna mini cewa a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zariya, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Dalilin da malaman Malikiyya suka bayar shi ne mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, ba kuma za su iya tsayawa a kansu ba. Da za a riƙa karɓar “ya lalace” daga bakin mai sana'a ba hujja, da dukiyar jama'a ta salwanta. Shaɗibi ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin abin da aka gina a kan maslahar jama'a. Imamu Abu Hanifa, wanda ya fi sassauci idan kaya ɓata ya yi ba da sakaci ba, bai sassauta ba a kan abin da aikin hannun mai sana'a ya lalata.

Wannan ya warware batun biya, kuma dama na riga na saya mata wata wayar. Amma abin da ke cina ya wuce biya. Ina so in sani ne, ni mutumin kirki ne da tsautsayi ya faɗa wa, ko kuwa mai laifi ne? Na kawo wa kaina uzuri uku, kowanne kuma yana da ƙarfinsa.

Na farko, tsautsayi. Hausawa sun ce ba ya wuce ranarsa, kuma babu mai musun cewa abin da aka ƙaddara sai ya auku. Amma da na zauna na lissafa watanni biyar ɗin nan, sai na ga kawiyar ta daɗe tana yi mini magana. Bakin da a da yake yi mini wata shida ya koma yana baƙi cikin mako biyu. Ƙaro yana ƙonewa tun kafin dalma ta gudu. Ɗigon da ya kamata ya yi sheƙi yana fitowa a dusashe. Kowace alama na nemo mata wanda zan ɗora wa: na ce bakunan yanzu ba su da kyau, na ce dalmar kasuwa ta lalace, na ce iskar teku ce. Abu ɗaya ne ban tuhuma ba, lambar da ke kan akwati, domin tuhumarta tana nufin in tashi in nemi aron ma'auni. Da ƙanin mahaifina yana raye, kallo ɗaya zai yi wa dalmar ya kashe wutar. Rashin sani iri-iri ne. Akwai abin da ba ka da hanyar saninsa, kamar aibin da aka ƙero kaya da shi daga masana'anta. Akwai abin da ba a taɓa koya maka ba. Akwai kuma abin da ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofarka kana juya masa baya. Na ukun nan sunansa kawai rashin sani. Nawa shi ne na uku.

Na biyu, talauci. Ma'aunin zafin baki na kirki yana da tsada, mai gyaran ɗaki kuma ba kamfani ba ne. Wannan uzuri na girmama shi, domin na san yadda 'yan uwanmu ke aiki a nan da can gida, da kayan da aka harhaɗa. Sai dai gwajin da zai tona asirin kawiyata bai fi ƙarfin kowa ba. Yawancin akwatunan nan suna sauka har digiri 200. Ka saukar da ita can, ka bari ta huce ta tsaya, ka ɗauko zare biyu, tsohuwar dalma mai narkewa a 183 da sabuwa mai narkewa a 217. Lafiyayyar kawiya za ta narkar da ta farko ta kasa ta biyu. Idan ta narkar da duka biyun, tana zafi fiye da abin da take faɗa. Idan ta kasa duka biyun, tana ƙasa da shi. Gwajin ba zai ba ka adadin karkatar ba, amma zai gaya maka akwai ta. Zaren nan biyu suna cikin aljihun teburina duk tsawon watannin.

Na uku ya fi sauran daɗin ji: ai kyauta na yi. Wanda ya yi alheri, a ce kuma a tuhume shi? Na daɗe a kan wannan, domin akwai gaskiya a ciki: idan aka tsananta wa masu taimako, taimako zai ƙaranta. Amma da na juya shi ta ɓangaren Hajiya sai ya sauya kama. Da kuɗi ta biya, da tana da bakin tambaya, tana iya cewa a kai wani wuri, tana iya nuna ɓacin rai. Kyautar da na yi mata ta rufe mata baki. Wanda aka yi wa alheri ba shi da abin kare kansa sai kulawar mai alherin. Saboda haka aikin kyauta ya fi na kuɗi bukatar tsantseni. Na kuma gano wani abu mara daɗi game da kaina: kawiyar wurin aiki, wadda ake biyana a kanta, ana auna ta, ta gida, wadda nake yi wa maƙwabta aiki da ita don Allah, ita ce na bari ba awo.

Wani zai ce, to a sayi na'urar da ba ta karkacewa a huta. Akwai irinta. Kamfanin Weller ya daɗe da ƙera wata kawiya da ba ta da abin murɗawa ko kaɗan. Ta dogara ne da abin da Pierre Curie ya bayyana a 1895, cewa ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa yakan daina kamuwa idan zafinsa ya kai wani mataki. A gindin kowane baki akwai ɗan guntun irin wannan ƙarfe. Idan ya kai matakinsa sai maganaɗisun ya sake shi wuta ta yanke, idan ya huce ya sake kamawa. Bakin da aka buga wa lamba 7 yana tsayawa ne a wajen digiri 370, babu mai iya lallashinsa ya wuce. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ba ta sallami mai aiki ba. Idan bakin ya yi baƙi da tsatsa, zafin yana nan daidai a ciki amma ba ya ratsawa zuwa wurin liƙi, sai mai aiki ya yi ta dannawa yana jinkiri har ya yi ɓarnar da zafi mai yawa zai yi. Na'ura takan matsar da wurin da ake bukatar kulawa daga nan zuwa can. Ban taɓa ganin wadda ta kawar da bukatar ba.

Ga inda na tsaya. Kuskurena shi ne ɗaukar niyya a matsayin abin da ke faruwa a daren aiki kaɗai. Wanda ya yi nufin gyara wayar Hajiya da gaske, nufinsa ya haɗa da duk abin da gyaran ke bukata, kuma daga ciki akwai minti goman nan da na ƙi bayarwa wata biyar da suka wuce. A daren kam ban yi da gangan ba. Amma barin awon da gangan na yi shi, sau da yawa, duk ranar da na ga baki ya yi baƙi na ce gobe. Niyyar da ba ta taɓa tashin mutum daga kujera ya duba kayan aikinsa ba, ta fi kusa da fatan alheri, kuma fatan alheri kowa yana da shi. Lambar da ke kan akwati ita ce abin da na yi nufi; zafin da ke bakin ƙarfe shi ne abin da ya isa ga kayan mutane. Tazarar da ke tsakaninsu ni kaɗai nake da ikon aunawa, don haka a wuyana take.

Ba ina kira ne zuwa ga waswasi ba. Mai sana'ar da ke tsoron kowane ɗigo ba zai gama aiki ba, kuma hannu mai rawa ya fi kowane ɓarna. Iyakar abin da ake nema shi ne abin da ma'abota sana'ar suka sani suka saba, wanda kuma mutum yake da ikon yi ba tare da ya jigata ba. Bayan wannan, abin da ya auku ya auku, kuma a nan ne “ban yi da gangan ba” take zama cikakkiyar magana.

Ga matasan da suka shigo sana'ar, wannan ne abin da nake yi yanzu. Ina auna bakin kawiya a farkon kowane wata, da duk lokacin da na sauya abin dumamawa ko mariƙi, in rubuta a littafi. Ina aiki da mafi ƙarancin zafin da zai gama ɗigo cikin daƙiƙa uku. Idan wuri ya ƙi narkewa nakan sa baki mai faɗi maimakon in ƙara wuta, domin faɗin baki ne ke kai zafi. Ba na goge baki da zarto ko takardar yashi: cikinsa jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn baƙin ƙarfe, idan lulluɓin ya huje kuza za ta cinye cikin. Da soson tagulla nake share shi, in kuwa soson ruwa ne, mai danshi kawai, ba jiƙaƙƙe ba. Idan zan tashi na ɗan lokaci nakan saukar da zafin, kafin in kashe kuma in rufe bakin da sabuwar dalma don iska kada ta taɓa shi. Ina sa fanka ta janye hayaƙin ƙaro daga fuskata da ta yaron da ke kusa da ni, domin yana jawo ciwon asma, ina kuma wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma. Sannan duk na'urar da ke ɗauke da abin da ba a sayensa a kasuwa, sai na kwashe shi kafin ƙarfe ya taɓa ta. Wannan na ƙarshe da na yi shi tun farko, da ban kwana ina danne fanel da yatsa ba.

Na san yawancin masu karanta wannan ba su taɓa riƙe kawiya ba, amma kowa yana da akwatinsa. Mai awon hatsi da mudunsa ya loɓa a gindi bai sani ba, shekara guda yana tauye mutane da zuciya fara. Direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka bai taɓa nufin cutar da fasinja ba, amma yaushe rabonsa da duba birki? Har a cikin gida abin yana nan. Uba yakan yi wa ɗansa faɗa yana jin nasiha yake yi a hankali, yaron kuwa abin da ya iso masa ƙuna ce. Uban ba ƙarya yake yi ba idan ya ce gyara yake nufi. Sai dai a bakin ƙarfe ake awo, wato a wurin wanda maganar ta sauka a kansa, kuma hanyar awon ita ce a tambaye shi a kuma jure jin amsar. Mu da muke baƙunta muna da ƙarin dalili: aikin ɗayanmu idan ya ɓaci, ba sunansa ake kira ba, sunan mu duka ake kira.

Rusau ɗin da ya fara a ƙarshen 2021 ya watsa maƙwabtan kudancin Jidda, waɗanda suka shekara aru-aru ƙofa da ƙofa kowa ya kama gabansa. Ranar da Hajiya za ta tashi na je taya su ɗaure kaya. A cikin ƙaramar jakar da ba ta yarda kowa ya ɗauka ba, na hangi wayoyi biyu: sabuwar da take jin muryar Malam a ciki, da tsohuwar da ba ta sake haskawa ba, a naɗe cikin ƙyalle. Ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Ta yafe tun ranar farko, kuma na yarda yafewar ta har zuci ce. Amma wayar da yatsun mijinta suka goge wa lambobi ba ta dawo ba, kuma ba ni da abin da zan biya wannan da shi.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya saka wa Hajiya da alheri, Ya ba mu ikon duba ma'aunanmu tun kafin kayan wani ya shigo hannunmu.